Tashar Bakin Maƙabarta

Har yanzu in mota ta danna hon a hanyar Kano, duk abin da ke hannuna sai ya kai ƙasa. Jiya ƙwaryar nono ce. Inna ta dubi nonon, ta dube ni, ta ce ita dai ba ta san abin da aka koya mana a makarantar Kano ba, amma ta tabbata riƙon ƙwarya ba ya ciki. Tana wurin ranar da abin ya faru, ta san dalili sarai. Lallashinta ke nan.

Mu asalinmu mutanen Katagum ne. Baba ya taso da mu zuwa Azare ina ƙarama, lokacin da kowa ke tasowa. Cikin gari ya riga ya cika, sai aka yanka mana fili a yamma, bakin hanyar Kano, inda ba komai sai gonakin gero da maƙabarta can nesa. Da na tafi makarantar 'yan mata gidanmu ne na ƙarshe a layin. Da na gama na dawo na kama koyarwa, sai na tarar da shi a tsakiya. Gyaɗa ta yi daraja, duk wanda ya sayar da amfaninsa a Gololo ko Yana sai ya zo ya kafa ɗaki. Unguwa ta yi masallaci, ta yi rijiya, ta yi mahauci, har da mai unguwa. Maƙabartar nan da ke can nesa kuwa ba ta motsa ba, mu ne muka bi ta har muka same ta.

Abu ɗaya unguwar ta rasa, wurin tsayawar mota. Motocin Kano masu bodin katako, buhunan gyaɗa a ƙasa mutane a sama, daga tashar kasuwa suke tashi, can gabashin gari, kuma masu tasha ba sa yarda a ɗauki fasinja a bayan idonsu. Saboda haka in mutumin unguwarmu zai yi tafiya, sai ya ɗora kayansa a ka, ya ratsa gari kaf zuwa gabas, ya hau mota, motar ta juyo da shi yamma, ya zo ya wuce ta ƙofar gidansa yana ɗaga wa 'ya'yansa hannu. In ya dawo ma haka, yana kallon zaurensa zai wuce shi, a sauke shi a kasuwa ya tako da ƙafa. Mun daɗe a kan wannan tsari mai cike da hikima.

Sai hukuma ta ji tausayinmu. Aka aiko wani ma'aikaci da turke mai farin fenti, aka ce mutanen unguwa su nuna masa inda zai kafa, nan motoci za su riƙa tsayawa. Wurin da ya dace ko makaho ya san shi: gindin ceɗiyar ƙofar gidanmu. Ga inuwa, ga rijiya kusa, ga shi tsakiyar unguwa. Ina bayan zaure ina jin su.

"Malam, ai nan ya fi," in ji mai unguwa.

"Ya fi wa?" Baba ya tambaye shi. "Ina da iyali a gidan nan. Motar nan in ta yi lodi ta fi katangata tsawo. Wanda ke zaune a kan buhu tsakar gidana yake kallo, har abin da ke cikin tukunya."

"Ai ba daɗewa za ta riƙa yi ba."

"Shi ido sai an daɗe yake gani?"

Ma'aikacin ya saɓa turkensa suka matsa gaba. Alhaji mai awon gyaɗa ya ce shi ma Allah ya ba shi iyali, kuma katangarsa ba ta kai ta Baba ba. Liman ya ce hon zai riƙa katse wa mutane salla. Mahauci ne kaɗai ya ce a kafa a ƙofarsa, yana murna, sai dattawa suka lura cewa in aka yi haka tsirensa zai riƙa ƙarewa da wuri, suka ga bai kamata a jefa bawan Allah cikin fitinar dukiya ba. Haka aka yi ta tura turken nan daga ƙofa zuwa ƙofa har gidaje suka ƙare, aka iso bakin maƙabarta. An ce ma'aikacin ya ɗan dakata, ko wani zai fito ya ce shi ma yana da iyali. Shiru. Tun da aka kafa unguwarmu ba a taɓa samun maƙwabta masu sauƙin kai kamar waɗannan ba. Nan ya haƙa rami ya kafa.

Dattawa suka dawo suna yi wa juna barka, an samu tasha ba a ɓata wa kowa ba. Ba wanda ya tuna cewa mace ba ta zuwa bakin maƙabarta. Ko kuwa an tuna, aka ga mace ina za ta ma? Da tafiya ta kama wasu dole, sai suka samo dabara. Mace takan zagaya ta bayan gonaki ta ɓullo gaba da maƙabarta, inda shingen ƙaya ya ƙare, ta zauna a bayan wata aduwa da kayanta, yadda masu wucewa ba za su gan ta ba. In mota ta ɗauki maza a wurin turke, sai mai gidan ya ce wa direba akwai iyali a gaba. Kowa ya gamsu. Wurin turken kansa ba inuwa ko ta tsinke, amma waɗanda suka fi kusa da shi ba su taɓa kuka da rana ba.

Baba yana da wani tsohon kumburi a mara, irin wanda 'ya ba ta faɗin sunansa. Ya daɗe yana mayar da shi da hannu yana ɗaurewa. Da kakar bana, wata safiya, kumburin ya ƙi komawa. Kafin a jima Baba ya fara amai, ya dunƙule a kan shimfiɗa, mutumin da ban taɓa jin nishinsa ba yana kiran sunan Allah da wata irin murya. Aka kira malamin asibiti. Ya duba shi, ya fito tsakar gida ya ce hanji ne ya sauko ya maƙale, sai an yi aiki, likitan da ke yin aikin kuma ya fita rangadi. A kai shi Kano, yau. Sannan ya juyo gare ni, don ya san na yi makaranta, ya faɗa mini da Turanci abin da ba ya so Inna ta ji: in ya kwana a haka, ba sai an wahalar da shi da tafiya ba. Amfanin karatuna na farko ke nan a ranar, na riga kowa a gidan jin tsoro. Ya ƙara da cewa mota ɗaya ce ta rage a tasha tana lodi.

Baffa, ƙanen Baba, ya zo daga Gololo cin kasuwa ya kwana a gidanmu, shi ya karɓi ragama. Ya ce ba za a ratsa gari da mara lafiya ba, tunda ga tasha an kawo mana har gida. Na ce, "Baffa, da an aika wani kasuwa ya gaya wa direba akwai mara lafiya a sabuwar tasha."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Malama, motar makauniya ce? Garada a tsaye a bakin hanya, ba za ta gan su ba? Je ki haɗa kaya."

Na je na haɗa kaya.

Aka ɗora Baba a kan gadon kara, maƙwabta suka kama, liman ya biyo su don rakiya. Ni da Inna muka ɗauki ƙunshin tufafi da tabarma da buta da kwanon fura, muka zagaya ta bayan gonaki kamar yadda mutunci ya tanada, muka zauna a bayan aduwa. Daga nan ina hango su. Sun ajiye gadon a gindin turke. Hantsi ya ɗaga, rana ta fara dukan Baba a fuska, ƙudaje suka taru saboda aman. Baffa, cikin tausayi, ya warware farin rawaninsa ya lulluɓe shi tun daga kai har ƙafa. Sannan suka jeru a bayan gadon, suka zuba ido gabas, inda mota za ta ɓullo. Liman ya ɗan matsa gaba da su don ya fi hangowa.

Na daɗe ina kallonsu kafin in gane abin da nake gani. Mutum a miƙe cikin farin ƙyalle a kan kara. Maza a sahu a tsaye, sun fuskanci gabas. Liman a gaba. Maƙabarta a gefe. Ba mace ko ɗaya, ba ƙunshi, ba buta, don duk abin da ke nuna tafiya yana nan wurinmu a bayan aduwa.

"Inna, dubi yadda suka tsaya."

Ta duba. Na ga ta gani, don leɓenta ya motsa. Amma sai ta ce, "Ke, rufe bakinki. Kada ki yi wa mutum mugun fata."

Muna haka muka jiyo ƙugin mota. Ta ɓullo ta cika fam, mutane a kan buhuna har da masu riƙe da kaji. Da ta kusato turke ta rage gudu, na ce alhamdu lillahi, ashe ni ce mai mugun tunani. Ta ƙara ragewa. Direba bai danna hon ba, shi da ke danna wa ko akuya. Hayaniyar fasinjoji ta ɗauke. Na ga waɗanda ke sama suna buɗe tafin hannu. Baffa ya ɗaga hannuwansa biyu sama don ya tsayar da ita, direba ya ga an yi kabbara, ya sunkuyar da kai cikin ladabi, ya lallaɓa motarsa ya wuce su a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai. Ban taɓa ganin direba mai tarbiyya irin wannan ba. Yana wuce su ya sa giya ya taka.

Na ji Baffa yana kira, na ga manyan riguna suna ƙoƙarin gudu, amma ƙarar inji ta shanye muryarsu. Motar ta nufo mu tana ƙara wuta. Abin da malamin asibiti ya faɗa da Turanci ya dawo mini, kalma bayan kalma.

Ba zan ce na yanke shawara ba. Na dai san mayafina ya sarƙe a ƙayar aduwa, na ji ya fizge har da ɗankwali, na ji Inna ta kama gefen zanena ya kuɓuce mata. Sai ga ni a tsakiyar hanya, hannuwa a buɗe.

A lokacin ne ya danna hon ɗin da ya hana mamaci. Har yau shi nake ji. Birki ya yi ƙara, amma motar ba ta tsaya ba, birkin motar gyaɗa shawara yake bayarwa, ba umarni ba. Ta ci gaba da zuwa tana jan ƙafa, tana girma, har ta rufe mini sama. Na ga karen motar ya diro yana gudu a gefenta da guntun katakon da ake tokare taya. Na zube zaune. Zafin inji ya bugi fuskata, warin mai ya cika mini hanci. Da komai ya tsaya, ƙarfen gaban motar yana daidai idona, har na karanta rubutun da ke jikinsa harafi bayan harafi, ban san dalili ba. Amfanin karatuna na biyu ke nan.

Direba ya sauko, wani ƙato mai tsagen Barebari.

"Ke 'yar wane gida ce? Ana jana'iza a can, ke kuma kina so a haɗa da ke a huta?"

Na nuna bayansa da hannu. Da ƙyar na ce, "Babana ne."

Sai ya sassauta. "Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. To amma 'yata, ni me zan yi masa?"

"Bai mutu ba."

Ya juya. Ga su Baffa tafe da gadon a kafaɗa, suna sassarfa, farin ƙyalle yana kaɗawa. Fasinjoji suka ga inda aka nufo, wuri ya kaure. Wani daga sama ya ce shi bai hau motar gawa ba. Wata tsohuwa ta ce in aka ɗora, a sauke ta. Aka dire gadon a gaban mota, kusa da inda nake zaune a ƙasa. Sai ƙyallen ya motsa, hannu ya fito ya janye shi daga fuska. Tsohuwar ta kama salati. Mutumin da ya ce bai hau motar gawa ba ya dira ta ɗaya gefen, sai daga baya aka samo shi a cikin karan gero.

Baba ya juyo da idanunsa da suka faɗa, ya dube ni a tsakiyar hanya, a gaban maza mota guda. Na matso, na ɗauka zai yi mini wasiyya.

Ya ce, "Ina mayafinki?"

Direba ya cire hula ya share gumi ya mayar, ya fuskanci Baffa. "Malam, ku dubi Allah. Kun miƙar da mutum, kun rufe shi da fari, kun yi sahu kun kalli gabas, ga liman, ga maƙabarta. Ba ƙunshi, ba mace. Me kuke so in ce? Ni fa har Ƙulhuwallahu na karanta masa."

Baffa ya ce ai ya ɗaga hannu.

"Na gani. Na ce amin."

Baba, yana cije leɓe, ya ce wa direban, "Na gode. Ka ajiye mini ita, wata rana za a nema."

Aka gyara buhuna aka kwantar da shi. Inna ta ciro mayafina daga ƙaya, ya yage, ta jefa mini a ka. Tafiyar ba na tuna ta sosai. Na san kan Baba yana kan cinyar Inna, wanda a gida ba za a taɓa gani ba, na san tsohuwar nan ita ta riƙa yi masa fifita har Kano, tana leƙa fuskarsa lokaci lokaci don ta tabbatar. Direba bai tsaya cin abinci a ko'ina ba, ya kai mu har ƙofar asibiti. Aka yi aikin a ranar. Likitan ya ce an yanke wani ɗan yanki na hanjin, kuma da motar gobe muka biyo da ba a sha wahalar wasa wuƙa ba.

Kafin mu dawo labari ya riga mu. Ba labarin an ceci Malam ba, wannan ai ikon Allah ne, ba a yi masa dogon zance. Labarin da ya zaga unguwa shi ne 'yar makarantar nan ta tare mota kai ba ɗankwali. Matar liman ta zo sannu da zuwa, ta ce wa Inna ita ba ta ga laifina ba, laifin masu kai 'ya'ya mata Kano ne. Baffa ya koma Gololo yana ba da labarin yadda ya tsayar da mota da hannu biyu.

Ranar da aka sallami Baba, Allah ya sa motar da muka samu ta direban nan ce. Da muka iso bakin maƙabarta na ga Baba ya fara tattara rigarsa zai sauka. Direba ko kallon turken bai yi ba. Ya wuce, ya zo gindin ceɗiyarmu ya taka birki, ya danna hon har kajin unguwa suka watse.

"Malam, can na taɓa barinka. Ba zan sake ba."

Washegari da zai koma ya sake tsayawa, wai ya zo duba jiki. Mutum biyu da ke da tafiya suka hau. Sauran direbobi suka ga yana samun fasinja a nan, su ma suka fara zuwa duba jikin Baba. Yanzu mata suna zama a zaurenmu na ciki da kayansu har mota ta zo, mahauci ya matso da tukubarsa, fitinar dukiya ta same shi duk da ƙoƙarin dattawa. Turken yana nan a bakin maƙabarta, wani yana ɗaure jakinsa a jiki.

Mai unguwa ya zo ya ce, tunda abin ya zama haka, ko a kira ma'aikacin ya tumɓuko turken ya dawo da shi nan?

Baba ya ce, "Wace tasha? Ni ban yarda a kawo tasha ƙofata ba. Mutane ne ke tsayawa gaishe ni. In hana su?"

Sai dai ya kira magina suka ƙara wa katanga tsawo, har ceɗiyar ma da ƙyar muke ganin kanta daga tsakar gida.

Ni bai taɓa ce mini komai game da ranar ba. Amma kafin mu baro Kano ya aiki Inna kasuwa, ta dawo da mayafi sabo, mai kauri, wanda ko ƙayar aduwa ba za ta iya raba ni da shi ba. Ya miƙo mini da kansa, ya daɗe bai saki gefen da ya riƙe ba, yana kallon wani wuri daban. Na karɓa na ce na gode.

Unguwa ta samu tasha a inda ya dace tun farko, Baba yana zaure yana cin tuwo yana yi wa karnukan mota faɗa, kowa ya huta. Ni ce dai hon ɗin ya dawo ƙofar ɗakina. Yau da safe ina tsaye da ƙwarya aka jiyo ƙugin mota daga gabas, tun tana nesa. Inna ta miƙo hannu ta karɓe ƙwaryar, ba ta dube ni ba, ta riƙe har motar ta tashi.